Taƙi da Taki

Shekarar da kogi ya fasa jingar ƙauyenmu ita ce wadda a bayanta aka canja takardun kuɗi, har mutane suka riƙa yini a ƙofar banki a Haɗejiya suna dawowa hannu rabbana. Da wannan nake gane ta idan lissafin shekaru ya rikice mini.

Ruwan ya zo shinkafa tana fitar da kai. Mun yi ta cika buhuna da ƙasa muna ɗorawa a kan jinga har fatar hannunmu ta saɓule, amma da ya tashi shigowa bai nemi iznin kowa ba. Ya shafe gonaki, ya shiga gari. Ɗakunana biyu suka zube, rumbu ya jiƙe, geron ciki ya tsiro yana wari. Muka kwashi abin da ya kwasu muka koma makarantar firamare da ke kan tudu, kowane aji gida uku ko huɗu, an raba da tabarmi da zannuwa.

Ina da shanun noma biyu, fari da ja. Farin ya daɗe tsaye cikin ruwa, ya daina cin abinci, muka yanka shi kafin ya zama mushe. Saura jan. A wajenmu mai sa ɗaya har yanzu manomi ne, domin zai nemi wani mai ɗaya su haɗa a garma, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Wanda ba shi da ko ɗaya shi ne mai jira. Sai kowa ya gama huɗa sannan a waiwaye shi, ya shuka a makare, ya girbe kaɗan, baɗi ma haka. Na ga mutanen da suka faɗa wannan ramin, ban ga wanda ya fito da wuri ba.

Da ruwa ya janye muka koma gida, maiɗakina ta zaunar da ni ta ce, “Malam, abin da ya rage na hatsi ba zai kai mu damina ba. Ko dai ka samo wani abu da rani, ko jan sa ya tafi kasuwa. Ba na uku.”

Na san gaskiya ta faɗa. Kamun kifi ya lalace, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwan da muke saka koma, kwale-kwale ma da ƙyar yake ratsawa. Gonar kuma yashi ya binne ta. Wani ɗan tudu ne kawai a gefenta ya tsira, ƙasarsa baƙa mai laushi, girmansa bai fi tsakar gida biyu ba. Idan ka haƙa ƙasa har ƙugu za ka tarar da ruwa. Na tsaya a kansa na ce lambu zan yi. Ni kuwa tun tasowata shinkafa da kifi na sani. Ina ganin masu lambu, ina sayen albasarsu, amma ban taɓa dasa ko tushe ɗaya ba.

A zaman da muka yi a makaranta ne na fara karatun boko. Akwai wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, shi ma ruwa ya kore shi, ajinsa yana kusa da namu. Da ya ga manya suna zaune ba aikin yi, ga allo ga guntun alli, sai ya ce duk mai so ya zo bayan la'asar. Daga baya aka mai da abin ajin yaƙi da jahilci, muka ci gaba ko bayan an koma gida. Na yi makarantar allo ina yaro, amma boko ban taɓa ba, sai ga ni da furfura a gemu ina zana a da ba. Ba ni da saurin ɗauka. Abin da wasu suke kamawa a yini ɗaya ni sai na kwana da shi, na tashi da shi. Amma idan ya zauna, ya zauna.

Abin da malam ya fi matsa mana a kai shi ne haruffa masu ƙugiya. Zai rubuta kare ya rubuta ƙare, ya rubuta baki ya rubuta baƙi, ya buga allo da sanda.

“Kai sarkin ruwa,” haka yake ce mini, “ka taɓa kama kifi da igiya zalla?”

Na ce, “A'a, Malam.”

“To haka magana take. In ba ƙugiya, ba ta kamu ba. Wanda ya rubuta wa surukinsa ya yi baki alhali baƙi yake nufi, shi ya san abin da zai tarar.”

Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa na riƙe maganar da hannu biyu. Na ɗauka duk abin da aka rubuta, an rubuta shi ne yadda malam yake rubutawa: in akwai ƙugiya an sa, in ba a sa ba to babu.

Ina da ƙane da ke aikin lambu a wata babbar gona a wajen Kano, shekararsa da yawa a can. Da na fara haɗa baƙi na ce masa ya daina kirana a waya sai da dalili mai ƙarfi, ya riƙa rubuto mini, don in samu abin karantawa. Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ka zama ɗan boko ke nan.” Amma ya bi. Gaisuwa a rubuce, labarin yara a rubuce. Ina zama a gindin dalbejiya da 'yar ƙaramar wayata mai maɓallai, ina bin harafi ɗaya-ɗaya da farce.

Da na gaya masa maganar lambu, ya aiko mini da irin albasa ta hannun wani direba, ƙulli babba. Na yafa shi a gefen tudun, na rufe da ciyawa, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Ya fito tsaf kamar gashin jariri, ya yi kauri, ya yi kore shar. Kafin ya isa dashe na haƙa rijiya, na kewaye wurin da ƙaya, na tayar da fangali goma sha biyu, wato 'yan gadajen da ake yi wa baki don su riƙe ruwa. Sai na rubuta wa ƙanena, da ƙyar, cewa wurina kaɗan ne, yaya zan tsara dashen don kada in yi asarar ƙasa.

Amsarsa tana nan a kaina har yau:

“Yaya ka raba fangali gida gida da igiya. Kowane gida taki 1 ta ko ina. Ka dasa albasa 4 a kowane gida. Haka muke yi a nan.”

Na karanta na sake karantawa. Duk kalmomin na gane su, ba wadda ta gagare ni, kuma wannan ya faranta mini rai. Taki kawai na tsaya a kai. Da farko na ɗauka takin dabbobi yake nufi, amma taki ɗaya ta ko'ina bai yi kama da kashin shanu ba. Sai na ce to takin ƙafa ne, yadda muke auna gona idan za a raba gado ko a ba da aro. Na duba k ɗin da kyau, na karkata wayar wajen haske. Tsaye yake sak, ba ƙugiya a kansa.

Na sassaƙa turaku, na kwance tsohuwar komata na ciri zare. Na taka ƙafa ɗaya na kafa turke, na sake takawa na kafa wani. Ni dogo ne, takina ba ƙarami ba ne. Na ja zare tsaye, na ja a kwance, kowane fangali ya rabu gida-gida, murabba'i masu kyau kamar zanen dara. Na daɗe ina gyara su. Inda zare ya karkace na cire turke na sake kafawa. Har na zana abin a takarda na kai aji, malam ya ɗaga wa mutane ya ce su ga yadda ake jan layi. Bai tambaye ni girman gidajen ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Ranar dashe na sa huɗu a kowane gida, ɗaya a kowace kusurwa, na danna ƙasa da babban yatsa. Kafin azahar na gama duka goma sha biyun. Na juya na dubi wurin renon, sai na ga kamar ban taɓa shi ba.

Maƙwabcina a fadamar wani dattijo ne, kakanninsa daga gabas suka zo, wajen tafkin Chadi, har yanzu da “wushe” ta yarensu yake gaisuwa. Ya daɗe yana lambu. Ya leƙo ta kan ƙaya, ya daɗe yana kallo.

“Ɗan boko, wannan albasa ce ko mangwaro ka dasa?”

Na ce, “Baba, sabon tsari ne. Haka ake yi a manyan gonaki.”

“To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai tawa albasar da 'yan'uwanta take kwana. Taka kuwa ko sallama ta yi, maƙwabciyarta ba za ta ji ba.”

Na yi dariya na ce, “In ta samu wuri za ta yi girman ƙwarya, Baba. Sai ka zo aron buhu.”

“In ta yi girman ƙwarya ni zan ɗauka maka a ka har Haɗejiya.” Ya nuna wurin renon da sandarsa. “Wancan fa? Ko shi ma karatu zai yi?”

Na ce ya ɗebi abin da yake so. Ya ɗebi fiye da rabi, ya yi godiya, ya sa albarka. Ragowar na bar shi ya yi ta tsawo a matse, maiɗakina tana zuwa tana yankar lawashi tana sa wa a miya, har ya ƙare.

Ita ma da ta fara ganin fangalin sai ta bi shi da ido. Ta ce, “Malam, ƙasar ta fi shukar yawa. Ka kira shi mana ka ji daga bakinsa.”

Na ciro wayar na karanta mata saƙon daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce, “Ga shi a rubuce. Me zai faɗa da baki wanda ya wuce wannan?”

Ta dube ni ta ce, “Kai ka iya karatu.” Ba ta sake tayar da maganar ba.

Sanyi ya shigo sosai. Da asuba nake fita da garwa biyu, in sauka rijiya in hau, ruwan yana yanka ƙafa. Fangali ba ya sanin yawan abin da ke cikinsa, ruwan da zai sha shi zai sha. Haka na riƙa shayar da ƙasa tsirara. Ciyawa ta samu fili ta yi ta fitowa tsakanin tushe da tushe, in cire yau, jibi ta dawo. Abin da na cira nakan ɗaure in kai wa jan sa. Yana jin tafiyata zai miƙe, ya sa hanci a ƙirjina yana huci. Ya rame, ƙasusuwan ƙugunsa sun fito, amma idonsa garau. Ina shafa wuyansa inda karkiya ta yi masa kanta ina ce masa ya yi haƙuri, albasa tana zuwa.

A gida an koma tuwo sau ɗaya a yini. Lokacin ne kuma kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, ko ɗan kifin da na samu na kai kasuwa sai a yi ta juya shi ba mai saye. Maiɗakina ta daina auna hatsi a gabana. Ina jin ƙarar kwano yana kankarar gindin buhu daga cikin ɗaki.

Wani lokaci ina ban ruwa sai in leƙa lambun dattijo. Dashen da na ba shi ya rufe ƙasa ruf, ba ka ganin komai sai kore. Nawa kuwa tsilli-tsilli, kowane tushe shi kaɗai da inuwarsa. Sai in tuna saƙon, in ce mai haƙuri shi ke dafa dutse, in ɗauki garwa.

Ƙanena ya zo gida lokacin zaɓe, domin a nan ya yi rajista. Bayan ya huta ya ce in kai shi ya ga aikin. Muna tafe yana tsokanata, wai ya ji an ce yanzu har alƙalami nake sakawa a aljihun gaba. Da muka isa na janye ƙayar ƙofa, ya shiga.

Ya bi fangali na farko da ido, ya bi na biyu. Ya ce, “Yaya, ina sauran?”

“Sauran me?”

“Sauran dashen. Tsutsa ce ta cinye?”

Na ce, “Ba abin da ya ci. Huɗu a kowane gida, yadda ka ce.”

“Wannan ne gida ɗaya?” Ya nuna zaren. “Yaya, ai wannan ɗaki ne da zaure.”

Na ce, “Taki ɗaya ta ko'ina. Na auna da ƙafata.”

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya durƙusa a bakin fangalin, ya buɗe tafin hannunsa, ya kafa babban yatsa a ƙasa, ya miƙa na tsakiya iyakar tsawonsa.

“Taƙi, Yaya. Taƙi na ce.”

Da kunnena ya ji kalmar daga bakinsa, ban buƙaci wani bayani ba. Ko yaron da bai daɗe da yaye ba ya san bambancin taƙi da taki idan an faɗa. Da taƙi uwata take auna yadi, da shi nake auna idon koma. Ya ci gaba da ɗora hannu a cikin gida ɗaya daga nawa, uku a tsaye, uku a kwance. Gidajensa tara ne suka shiga cikin nawa ɗaya.

Na ciro wayar, na nemo saƙon na miƙa masa. Na ce, “Duba. Ina ƙugiyar?”

Ya duba. Ya ce, “Wace ƙugiya?”

“Ta kan k. Malam ya ce in babu ita, wata kalma ce daban.”

Ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, “Yaya, wayata ba ta da wannan harafin. Taka ma ba ta da shi. Kowa haka yake rubutawa, mai karatu ne yake ganewa.” Ya dafe kai. “Inna lillahi. Da na sani ai da kiranka na yi.”

Na ce, “Ni na hana ka kira.”

“Akwai sauran dashe? Ko kaɗan ne mu cike.”

Na nuna masa ta kan ƙaya. Ya ga lambun dattijo ya gane. Ko da akwai ma, lokaci ya wuce. Sanyi ya fara janyewa, albasar da aka dasa a bakin zafi ganye kawai take yi. Muka zauna a bakin rijiya. Can ya ce zai aiko da abin da ya samu idan ya koma, na san kuwa shi ma yana da bakuna shida a gidan haya. Dattijo ya leƙo zai yi tsokanarsa ta kullum, ya ga fuskokinmu, ya ce, “Sannunku da rana,” ya koma.

Da na koma aji na ba malam labari bayan kowa ya watse. Ya ɗauki alli ya rubuta kalmomin biyu a allo, ɗaya a kan ɗaya, ya ja da baya yana kallonsu. Bambancin bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya ce, “Na koya muku ƙugiya, ban gaya muku akwai inda ake cire ta ba.” Washegari darasin da ya yi ke nan. Ya sa kowa ya fito da wayarsa, aka yi ta karanta saƙonni ana neman inda ƙugiya ta faɗi. Bai ambaci sunana ba.

Ban daina ban ruwa ba, tunda abin da ke ƙasa shi ne nawa. Cikin azumi muka haƙe. Albasar ta yi kyau, jajaye masu nauyi, wasu sun kai dunƙulen hannu, amma ba wadda ta kai ƙwarya. Wasu don sun samu wuri da yawa sai suka rabu biyu, irin waɗanda 'yan kasuwa suke warewa gefe. Na tara su wuri ɗaya, maiɗakina ta riƙe bakin buhu ina zubawa. Na farko ya cika. Na biyu ya tsaya a ƙugu. Ta leƙa ciki, ta ɗaga kai ta dubi inda jan sa yake ɗaure.

Dattijo ya aiko mana da kwando ɗaya daga tasa, ya ce haƙƙin dashe ne. Na karɓa.

Bayan salla na kai jan sa kasuwar Kafin Hausa. Da aka zo ɗora shi a mota ya ƙi hawa, sai da na shiga gaba na kira shi sannan ya biyo ni. A kara, wajen cinikin shanu, wani mahauci ya taɓa ƙugunsa ya ce ƙashi ne zalla. Na yi ta addu'a manomi ya saye shi, amma ban tambayi wanda ya saya sana'arsa ba. Na kwance igiyata na miƙa wa mai sayen sa. Kuɗin a waya suka shigo, ni na karanta saƙon da kaina. Na sayi gero da dawa na dawo da igiyar a aljihu.

Da damina ta sauka na jira har kowa ya gama huɗa.

Har yanzu ina zuwa aji, kuma da hannuna nake rubuta wannan, kowace ƙugiya a wurinta. Ina yin lambu a tudun nan duk rani, gidajen taƙi ɗaya ta ko'ina, albasa huɗu a ciki. Ban sake mallakar sa ba tukuna.

Abin da ya tafi a shekarar nan shi ne: shinkafar gona ɗaya, geron rumbu ɗaya, ɗakuna biyu, koma ɗaya da na kwance don zare, dashen albasa kashi takwas cikin tara, da shanu biyu, fari da ja.